Ranar da waya ta raba kuɗin albasarmu gida biyar



Tun da aka ji ƙungiyarmu ta manoman albasa ta mayar da lissafinta cikin waya, ba a yin mako wani bai tare ni ba, ko bakin kasuwa ko wajen suna, ya ce: "Mushe, mu ma muna son irin abin ga naku, nawa ake yin shi?" Na gaji da ba da amsa guntu-guntu. Shi ya sa na zauna in faɗi yadda abin ya kasance tun daga fari, har da inda ni kaina na yi wauta.

Ƙauyenmu yana cikin fadamar Tarka, ba nisa da Sabon Gida. Na yi shekaru ina koyarwa a lakkol kafin in ajiye alli in dawo garka, kuma saboda ni ne mai ɗan boko aka ɗora mini aikin magatakarda. Aikin ƙungiya kun san shi: a tara buhunan mutane, a loda kamiyo, a aika Akara ko Kumasi ko Abijan, a zauna jira. Kuɗi ya dawo bayan sati biyu ko uku, wani lokaci sai wata ya zagayo. Sannan a cire kuɗin mota, na buhu, na ɗinki, na ƴan lodi, kamashon dillali, da bashin iri da taki da esansin injin ban ruwa da mutum ya ci tun lokacin dashe. Abin da ya rage shi ne na mai albasa. Littafi biyu muke da su. Malam, wanda ya riga ni a aikin da shekaru masu yawa, shi ke zaune wajen lodi yana rubuta buhu da farashi. Ni kuma ina riƙe da na bashi.

Daminar 2022 gara ta shiga akwatina ta cinye kusan rabin kayen bashi. Da ƙyar muka sake haɗa lissafin, wannan ya tuna, wancan ya rantse. A cikin wannan ɓacin rai ne na ga talla a Facebook: wani kamfani a Yamai yana ƙera shafin intanet da manhajar waya, kowa da irin wadda ta dace da sana'arsa. Na hau bas na tafi. Ofis mai sanyi, samari masu fara'a, kowa da kwamfuta gabansa. Mun yi awa guda muna magana da Faransanci, suka tambaye ni abin da muke so, na bayyana yadda na iya. Bayan kwana uku suka aiko mini da takarda mai shafi huɗu, wadda suke ce wa kaye de sharj, wato jerin abin da za su gina. Na karanta, na ga kalmomi masu kyau, na sa hannu. Kuɗi jika ɗari takwas.

Da na kawo maganar gaban taro, dattawa suka yi shiru. Jika ɗari takwas lokacin kakar albasa buhu sittin ne da ƴan kai. Ƙanin mahaifina, wanda duk muke ce wa Baba, shi ya tashi ya ce: "Yaron ga bai taɓa cin dala ta kowa ba. In ya ce a yi, a yi." Da bakinsa aka tara kuɗin.

Cikin watan Maris na 2023 aka kawo aiki. Walle abin ya yi kyau ga ido: hoton albasa ƴar Galmi a gaba, sunan ƙungiya a sama, har da shafin intanet namu na kanmu. Kafin nan na ɗauki hoton littattafan biyu shafi-shafi na aika musu ta WhatsApp don su zuba tsohon lissafi a ciki. Abin da ya fi burge ni shi ne maɓalli guda da in ka taɓa, kowane memba zai samu saƙo a wayarsa da abin da yake bin ƙungiya. Daren wata Alhamis na taɓa shi, na kwanta ina jin na yi abin kirki.

Ko rana ba ta fito sosai ba na ji sallamar Baba a ƙofar gida, jikansa ɗan koleji na biye da shi riƙe da waya.

"Mushe, buhu nawa nik kawo maka?"

"Sha huɗu, Baba."

"Nawa anka sai da?"

"Jika sha biyu da ɗari kowane."

"To mi yas sa wayarka tac ce jika talatin da biyat ni ka bi? Ina sauran? Ni nit tsaya maka gaban mutane, ni za ka hwara ci?"

Na karɓi wayar na duba. 35 000 FCFA, ga shi a rubuce. Buhu sha huɗu a kan sefa 12,500, kuɗinsa 175,000 ne. Kafin in buɗe baki wasu mutum shida sun iso, biyu daga cikinsu ma saƙon ya ce su ne ƙungiya ke bi. Ban taɓa jin gumi irin na safiyar nan ba.

Sai da na aika aka ɗauko Malam da littafinsa, muka zauna gindin bedi, sannan na gane. Malam da dala yake rubutu, kamar yadda kowa ke ciniki a kasuwa, dala guda sefa biyar. In ya sa 2500 gaban buhu, sefa 12,500 yake nufi. Ni kuma ɗan lakkol, da sefa nake rubuta bashi. Wanda ya zuba lambobin a Yamai ya kwafe su daidai, bai yi kuskure ko guda ba, illa dai ya zuba su duka cikin gida ɗaya mai suna sefa. Kuɗin mutane ya rabu biyar, bashinsu ya tsaya cif. Shi bai tambaya ba, ni kuma ban faɗa ba, don abin da ka tashi cikinsa ba ka ganin shi a matsayin abin faɗa.

Muka ninka kowane lissafi sau biyar a gaban kowa, hankali ya kwanta. Baba ya tashi ya kaɗe rigarsa bai ce mini komai ba, kuma ya fi wata bai zauna tabarma ɗaya da ni ba. Har yau akwai samarin da ke ce mini Mushe Raba-Biyar.

Na kira kamfanin cikin fushi. Suka ce in buɗe shafi na biyu na takardar da na sa wa hannu. An rubuta cewa kuɗi da sefa ne. Gaskiyarsu. Gyara kuma sabon aiki ne, da nasa kuɗi.

Daga nan sauran ramukan suka dinga buɗewa. Manhajar ba ta aiki sai da rezo, mu kuwa wajen lodinmu sai ka hau kan buhu ka ɗaga hannu kafin ka samu sanda guda. Tana neman kilo, mu kuwa buhu muka sani, kuma buhu mai hula daban yake da marar hula. Tana neman suna da sunan iyali, alhali muna da Mahamadu tara, uku daga ciki Mahamadu Abdu. Ba ta da gurbin albasar da aka zuba rudu ana jiran farashi ya tashi, wadda in ka zuba buhu goma ba goma za ka kwasa ba. Sannan in an buɗe bashi dole a sa ranar biya, ranar kaza ga watan kaza, alhali amsar manomi guda ce: in kamiyo ya dawo.

Sai ga abin da ya faru bayan 26 ga Yuli 2023. Najeriya ta yanke mana kuran farkon Agusta, aka rufe iyakoki, motocin albasa masu zuwa Gana suka maƙale a iyakar Benin kaya na ruɓewa. A daidai lokacin da kowa ke son sanin nawa ya yi asara da nawa ya rage masa, waya babu caji, rezo na zuwa yana ɗaukewa. Littafin Malam muka koma wa. Ya karɓe shi daga hannuna bai yi mini dariya ba, Allah ya saka masa.

Ƙarshenta, farkon 2024, na buɗe wata safiya na tarar da farin shafi. A nan na koyi abin da ya kamata in sani kafin in hau bas, kuma shi nake so ku riƙe. Jika ɗari takwas ɗinmu kuɗin gini ne kurum. Filin da aka yi ginin a kai na haya ne. Sunan shafin intanet, ko mai ƙarewa da .ne ko .com, hayarsa ake biya shekara-shekara. Kwamfutar da ke ajiye bayanan, wadda ke can wata ƙasa, ita ma haya ce. Ranar biya ta wuce, aka rufe. An aiko da gargaɗi, amma zuwa wani adireshin imel da su suka buɗe, ni ban taɓa ganin shi ba. Sunan shafin da sunan kamfanin aka yi rajistarsa. Asalin rubutun da aka gina manhajar da shi, wanda in babu shi wani ma'aikaci ba zai iya gyara ta ba, yana hannunsu, kuma yaron da ya rubuta shi ya bar aiki wajensu. Ba zan ce sun cuce mu ba, don duk abin da suka rubuta sun yi. Ni ne na yi wa rogo kallon kitse. Muka biya kuɗin shekara don kawai a buɗe mu kwashe lissafinmu cikin Excel, muka bar musu ginin.

Na rantse ba ni ba manhaja. Abin da ya warware rantsuwar wata yarinya ce ƴar Tamaske, ɗiyar abokin cinikin Baba. Ta karanta ilimin kwamfuta, ita da abokan karatunta biyu suna da ɗan ofis a Tawa inda suke irin wannan aiki. Mahaifinta ya ba ta labarin Raba-Biyar a matsayin abin dariya, ita kuma ta ce tana son ganin littafin Malam.

Ba ta zo da kwamfuta ba ranar farko. Ta zo da kaye da bik, ta zauna gefen rumfar lodi tun safe har la'asar, kwana huɗu a jere. Tambayoyinta har sun so su ba ni haushi. Wa ke riƙe da waya in kai ka tafi jana'iza? In mai albasa ya aiko ɗansa ya karɓi rabin kuɗi, wa ke shaida? In buhu uku sun ruɓe a hanya, asarar ta mai buhun ce ko ta duk masu kaya a motar? Wannan ta ƙarshen mu kanmu ba mu taɓa yanke ta ba, kullum sai rigima ta tashi ake sasantawa. Ta ce ba za ta iya rubuta wa na'ura dokar da mu ba mu da ita ba. Sai da muka yi taro biyu a kan wannan magana kaɗai.

Wani yammaci na tambaye ta me ya sa take wahalar da kanta haka. Sai ta kawo mini zancen Furojen Keita, wanda ƴan can suka fi ni sani. An fara shi a 1984, shekarar babban fari, da kuɗin Italiya, FAO na tafiyar da aiki, PAM na ba da abinci a madadin lada, kuma mata ne suka fi yawa a fagen aiki don maza sun tafi biɗa. Kakarta na cikin waɗanda suka ɗauki dutse a ka. Ta ce har tsohuwar ta rasu, in ruwa ya ɓalle jerin duwatsun gonarsu, da kanta take fita ta mayar, don ita ta jera su, ta san inda kowane ya zauna. Katafila kuwa in ta tsaya sai a jira ƙarfe daga waje. Ta ce: "Mushe, ni jerin dutse ni ka son in yi muku."

Abin da ta fara yi shi ne rage mana buri. Na ce muna son shafin intanet, ta ce wa zai buɗe shi? Dillalanku na kasuwar Adjen Kotoku, inda aka mayar da ƴan albasar Akara daga Agbogbloshie a 2021, ta WhatsApp suke aiko muku da farashi da murya, ba za su shiga wani shafi ba. Na ce a sa hanyar aika kuɗi a ciki, ta ce ga Nita, ga Amana, ga Al Izza, kowa ya san ƙofarsu, me zai sa ku biya a gina abin da ke akwai? A raina na ce wannan ba ta iya kasuwanci ba. Yanzu in mutum ya ce mini zai ɗauki kamfani, abin da nake fara tambaya shi ne: akwai abin da suka ce maka kada ka saya? In duk abin da ka ambata sun ce "za mu yi", to ka ƙara dubawa.

Manhajar da suka yi mana ƙarama ce, ba ta da ado. Tana zaune cikin wayar Android, tana aiki ko babu rezo, in an samu rezo ta aika kwafi ta ajiye. Kowane kuɗi yana fitowa layi biyu, sefa a sama, jika da dala a ƙasa, kuma kafin ka shigar da lamba sai ka zaɓi da wanne kake magana. Kowane memba da laƙabinsa da unguwarsa da hotonsa. Akwai gidan rudu, akwai buhu mai hula, kuma a gurbin ranar biya ana iya sa lambar kamiyo. Rubutun duka da Hausa ne, har da ƙ da ɗ da ɓ. Tun kafin kundin da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, wayar lodinmu ta riga ta yanke nata hukunci. Akwai ƴar na'ura mai girman sabulu da ke fitar da resi, mai albasa ya tafi gida da takardarsa. Kuma kowace Juma'a muna buga lissafin mako a takarda mu sa a akwatin ƙarfe, wanda gara ba ta ci.

Takardar yarjejeniya kuwa wannan karon a gaban taro aka karanta ta, aka fassara layi-layi. Duk abin da aka yi rajista da sunan ƙungiya ne. Kalmar sirri tana hannun mutum biyu. An ba mu asalin rubutun manhajar a kile USB, don in sun watse gobe wani ya iya ɗorawa. An rubuta kuɗin kulawa na shekara da abin da ya ƙunsa. Ita ce ma ta tuna mana cewa lambobin waya da bashin mutane amana ne, Nijar na da doka a kan kare bayanan mutum tun 2017 da hukumar da ke kula da ita, don haka ba a aika hoton lissafin wani cikin gurup don a kunyata shi. Na sunkuyar da kai, don na taɓa yi.

Kada ku ce komai ya yi daidai. Wayar na zafi da rana har ta mutu, sai an naɗe ta cikin jiƙaƙƙen tsumma. Takardar resi tana dushewa bayan ƴan watanni, sannan samun sabuwa sai an aika Ƙonni ko Maraɗi. Sau ɗaya yaron da ke taya ni ya rubuta lodi a waya ta biyu, ni na rubuta a tawa, buhunan suka fito ninki biyu, sai da suka zo daga Tawa suka gyara. Kuma in kuɗi bai dawo daga Gana ba, manhaja ba ta da abin da za ta raba.

Kwanan baya wasu mata daga wajen Karofane, ƙasar Buza, suka aiko mini da saƙon murya. Suna da asusu irin na Mata Masu Dubara, tsarin nan da CARE ta faro a jihar Maraɗi a 1991, su talatin, wai suna son manhaja su ma. Na tambaye su ko lissafi ya taɓa ɓace musu. Suka ce a'a, kowane mako a gaban kowa ake ƙirga kuɗi a kulle akwati, makullai na hannun mata daban-daban. Na ce to ku bar kuɗinku cikin akwati. Mu abin da ya kai mu shi ne mutum fiye da ɗari, mota da yawa a kan hanya lokaci guda, da bashi iri huɗu. Ban sani ba ko sun ji daɗin amsar, don ba su sake kira ba.

Baba ya kawo buhu goma sha ɗaya a lodin da ya wuce. Na shigar, na'ura ta fitar da resi, jikansa ya karanta masa sefa, ya karanta masa jika. Ya gyaɗa kai, ya ninke takardar ya tura cikin hula. Sannan ya juya wajen Malam, wanda yanzu sai ya kai littafi dab da hanci yake gani, ya ce: "Malam, kai ma rubuta." Malam ya rubuta, da dala.

Kuɗin kulawa na shekara zai ƙare ƙarshen watan gobe, na rubuta ranar da gawayi a bangon mangaza. Yaran Tawa sun ce bana za su ƙara jika ashirin, don kuɗin hayar ma'ajiya da na hanya sun hau. Wasu sun ce a biya, wasu sun ce a nemi ragi. Za mu zauna a kai ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci.